Michael Faraday: Ɗan maƙerin da bincikensa ke cajin batir a kan ruwa

Duk masuncin da ya tayar da injin kwale-kwalensa a tafkin Kainji ko madatsar Tiga, ya bar batir yana shan caji yayin da jirgin ke keta ruwa, yana cin gajiyar aikin wani mutum da talauci ya hana shi zurfafa karatu. Sunansa Michael Faraday.

An haife shi a ranar 22 ga Satumba, 1791, a kudancin birnin Landan. Mahaifinsa maƙeri ne mai fama da jinya, gidan kuma ba ya rabuwa da rashi. Yana da shekara 14 aka kai shi koyon sana'ar ɗinke littattafai a shagon George Riebau. Shekara bakwai ya yi a nan, yana karance littattafan da ake kawo masa aiki. Shagon ne ya zame masa makaranta.

A 1812 ya halarci laccocin masanin sinadarai Humphry Davy, ya rubuce abin da ya ji, ya ɗinke shi ya zama littafi, ya aika masa. A 1813 Davy ya ɗauke shi mataimaki a cibiyar Royal Institution. Sai dai asalinsa bai daina bin sa ba: a rangadin da suka yi a Turai, matar Davy ta riƙa ɗaukarsa bara, tana sa shi cin abinci tare da masu hidima. Daga baya Davy da kansa ya yi adawa da shigarsa ƙungiyar masana ta Royal Society, amma aka zaɓe shi a 1824.

A 1831 ne ya gano abin da ya sauya duniya: idan maganaɗisu ya motsa kusa da naɗaɗɗiyar wayar tagulla, wutar lantarki na gudana a cikinta. A injin kwale-kwale, faifan ƙarfen da ke juyawa a samansa yana ɗauke da maganaɗisai, suna wucewa ta gaban naɗe-naɗen waya. Wutar da ake samu tana kai-kawo ne, don haka sai wata ƙaramar na'ura ta mayar da ita mai bin hanya ɗaya kafin batir ya karɓa. A kan wannan ƙa'ida janaretan da ke ruri a lungunan Ƙofar Na'isa yake aiki, haka ma manyan injinan tashar Kainji. Shi kuwa batirin darma mai karɓar caji, Bafaranshe Gaston Planté ne ya ƙirƙiro shi a 1859.

Faraday bai tsare iliminsa a ɗakin gwaji ba. Shekaru kusan 30 ya yi yana ba hukumar Trinity House shawara kan fitilun da ke nuna wa jiragen ruwa hanya. A 1844, bayan fashewar da ta kashe ma'aikata 95 a mahaƙar kwal ta Haswell, shi da Charles Lyell sun bincika, suka nuna cewa ƙurar kwal ta ƙara munin bala'in. Masu mahaƙai suka yi biris da gargaɗin tsawon shekaru. A 1855 ya rubuta wa jaridar Times wasiƙa kan ƙazantar kogin Thames. Da gwamnati ta nemi hannunsa wajen haɗa makamai masu guba a Yaƙin Kirimiya, ya ƙi. Sau biyu ana yi masa tayin shugabancin Royal Society yana kaucewa.

Ya rasu a ranar 25 ga Agusta, 1867, aka binne shi a maƙabartar Highgate.

Tarihinsa na ɗauke da tambaya ga masu mulkin Arewa. Yaran da ke koyon naɗin waya da gyaran janareta a garejojin Kano ba basira suka rasa ba. Faraday ya samu littattafai a hannu, da lacca buɗaɗɗiya, da cibiyar da ta ba shi aiki ba tare da tambayar takardar shaida ba. Ƙasar da ba ta tanadar wa 'ya'yan talakawanta irin wannan ƙofa ba, za ta ci gaba da sayen injin da wasu suka ƙera.