Nana Asma'u, Mai Share Hawaye

Ƴan'uwa matasa, Nana Asma'u ba baƙuwarmu ba ce: mahaifinta Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Maratta aka haife shi, nan kusa da Galmi. Ita kuwa an haife ta a 1793. Tana yarinya aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, ta tashi cikin yaƙi da yunwa da kukan matan da suka rasa mazajensu.

Wannan ciwon ba ta manta shi ba. Da ta girma sai ta kafa Ƴan Taru: dattijan mata, jajoji, su ɗauki karatu wurinta, su kai wa matan ƙauye har gida. A 1839 ta rubuta Tabshirul Ikhwan, kan ayoyin da ake karanta wa marar lafiya da mai tsoro da mai naƙuda. Ita kanta, da ɗan'uwanta Muhammadu Bello ya rasu a 1837, ba ta ɓoye kukanta ba, ta zuba shi cikin waƙar makoki. Kun ga ke nan, kuka ba rashin imani ba ne.

Ta rasu a Sakkwato a 1864. To, in masifa ta faɗa gidan maƙwabci, mu je mu zauna, mu saurara. Allah Ya jiƙanta.