Orfila, Likitan da Ya Bi Sawun Guba

'Yan'uwana ɗalibai, ina so in ba ku labarin wani masani da na ke ganin ya kamata kowane malamin kimiyya ya san shi, watau Mathieu Orfila. An haife shi a tsibirin Minorka na ƙasar Sipaniya cikin 1787. Ubansa ya so ya yi aikin jirgin ruwa, amma tafiya ɗaya ta ishe shi. Ya koma karatu, ya tafi Faris cikin 1807, ya fito likita cikin 1811.

A zamanin nan in an yi zaton an ba mutum guba, tumbinsa a kan duba, in ba a ga kome ba shi ke nan. Orfila kuwa ya yi ta gwaji da karnuka masu ɗimbin yawa, abin tausayi, har ya tabbatar guba ta kan bi jini ta sauka a hanta da sauran kayan ciki. Can ya kamata a neme ta. Babban littafinsa na guba ya fito cikin 1814.

Amma fa akwai wadda ta gagare shi. Cikin 1823 aka yi shari'ar wani likita, Castaing, kan ya kashe abokinsa da mofin, maganin ciwo da a ke tatsowa daga ofiyam. Masana suka taru, har da Orfila, ba wanda ya iya nuna mofin ɗin cikin gawa. Da wasu shaidu dabam aka kama Castaing, aka sare kansa. Sai cikin 1850 wani mutumin Beljiyam, Stas, ya gano dabarar fitar da gubar tsirrai daga nama. Orfila ya rasu cikin 1853.

To, mu a nan Bauchi zancen bai yi mana nisa ba, don mun ga ɓarnar tiramol da kodin, har cikin 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Hantar nan kuwa ta kan juya wani kashi na kodin ya zama mofin. Saboda haka mai binciken gawa ba ya gaggawar yanke magana don ya ga mofin, sai ya auna su duka biyu ya gwada yawansu. Jinin ma daga jijiyar cinya ya ke ɗiba, domin bayan mutuwa magani ya kan tsattsafo daga kayan ciki ya ƙaru a jinin da ke kusa da zuciya.