Al-Battani, malamin da ya auna rana da inuwar sanda

Jama'a, duk wanda ya zauna kasuwa ya san aikin inuwa. Tun kafin agogo da salula su yawaita, mai rumfa yakan dubi inuwar dirka ya ce La'asar ta yi, don ya ga ta ƙaru da tsawon dirkar a kan inuwar da ta rage da tsakar rana. Wannan dubin lissafi ne, kuma cikin mutanen da suka zauna suka tsara shi akwai Abu Abdullahi Muhammadu ɗan Jabir, wanda aka fi sani da Al-Battani.

An haife shi wajajen shekara ta 858 a Harran, garin da ke cikin ƙasar Turkiyya a yau. Kakanninsa masu bautar taurari ne, amma shi Musulmi ne. Ubansa maƙerin kayan duban taurari ne, saboda haka yaron ya tashi da ma'auni a hannu. Ya koma Raƙƙa, bakin kogin Furatu a Siriya, ya yi wajen shekara 40 yana auna sama, daga 877 zuwa 918.

Ga yadda abin yake. In an kafa sanda tsaye, sandar da inuwarta da hasken da ya taho daga kanta zuwa ƙarshen inuwa suna yin siffa mai kusurwa uku. Rabon tsawon inuwa da tsawon sanda ba ruwansa da girman sandar, tsayin rana kaɗai yake bi. Sanda mai metir 1 in ta yi inuwar metir 2, to giginyar da ta yi inuwar metir 20 a wannan lokacin tsawonta metir 10 ne, ba sai an hau ba. Al-Battani ya ɗauki sanda mai kashi 12, ya rubuta tsawon inuwarta ga kowane digiri da rana ta hau. A digiri 45 inuwa kashi 12 ce cif, a digiri 30 ta kusa kashi 21. Ya kuma bar tsohuwar hanyar Girkawa, ya yi aiki da ma'aunin da ya samo asali daga Indiya, wanda Larabawa ke kira jaib. Shi ne sinis ɗin da ke sa ƴaƴanmu na kwaleji tagumi.

Da irin wannan awon ya ƙididdige shekarar rana: kwana 365 da awa 5 da minti 46 da sakan 24. Tsakaninsa da lissafin yau minti 2 ne da ƴan sakanni. A ganina, ga mutumin da ba shi da madubin hangen nesa, wannan ya isa abin jinjina. Littafinsa, Zij, ya ƙunshi taurari 489. An fassara shi da Latin a ƙarni na 12, an buga shi a Jamus a 1537, har Kofanikus ya ambace shi a nasa littafin. Wani rami a jikin wata ma yana ɗauke da sunansa.

Da tsufansa, sama da shekara 70, ya raka wasu mutanen Raƙƙa zuwa Bagadaza don kai kukan harajin da aka aza masu. A hanyar komawa gida ne Allah ya yi masa rasuwa kusa da Samarra, a shekara ta 929.