Gordon Cooper: Ɗan sama jannatin da Wata ya kuɓuce wa, bajonsa ya wanzu

A watan Agustan 1965, ana saura mako guda a harba kumbon Gemini 5, Shugaban Hukumar Binciken Sararin Samaniya ta Amurka, wato NASA, James Webb, ya sa hannu a wata takarda da ba ta shafi inji ko roka ba. Takardar ta ba 'yan sama jannati izinin ɗinka wani ɗan ƙyalle mai surfani, wanda faɗinsa bai wuce tafin hannu ba, a ƙirjin rigar tafiyarsu. Mutumin da ya nace har aka ba da izinin shi ne Gordon Cooper, hafsan mayaƙan sama da ya taɓa sauko da kumbo da hannunsa bayan na'urorinsa sun mutu. Tun daga lokacin, babu ayarin da NASA ta tura sama ba tare da bajonsa ba, kuma tara irin waɗannan bajoji ya zama sha'awa da sana'a a ƙasashe da dama.

Haihuwa da tasowa

An haifi Leroy Gordon Cooper ranar 6 ga Maris, 1927 a garin Shawnee da ke Jihar Oklahoma. Mahaifinsa lauya ne kuma hafsan soja mai sha'awar tuƙin jirgi, mahaifiyarsa kuwa malamar makaranta ce. A ƙaramin jirgin gidansu ya koyi tuƙi tun yana yaro, ya kuma sami lasisi yana ɗan shekara 16.

Ya shiga aikin soja a 1945, amma Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare kafin a tura shi fagen daga. Ya yi karatu a Jami'ar Hawaii, inda ya auri wata ɗaliba wadda ita ma matuƙiyar jirgi ce a 1947. A 1949 ya koma rundunar mayaƙan sama, ya shafe kimanin shekara huɗu yana tuƙa jiragen yaƙi a Jamus ta Yamma. Bayan ya sami digirin injiniyan jiragen sama a 1956, sai ya zama mai gwada sabbin jirage a sansanin Edwards da ke Kalifoniya, aikin da ya ci rayukan matuƙa da yawa a wancan zamani.

Ranar 9 ga Afrilu, 1959, NASA ta gabatar da mutum bakwai da ta zaɓa domin shirin Mercury, shirin Amurka na farko na kai ɗan'adam sararin samaniya. Su ne Alan Shepard da Gus Grissom da John Glenn da Scott Carpenter da Wally Schirra da Deke Slayton da kuma Cooper, wanda shi ne autansu, yana da shekara 32. Zamanin yaƙin cacar baka ne. Tarayyar Sobiyat ta riga ta harba Sputnik a 1957, kuma a Afrilun 1961 za ta sake shan gaban Amurka da tafiyar Yuri Gagarin.

Tashar Kano

Kumbon Mercury yana kewaya duniya cikin kusan minti 90, a gudun da ya kai kilomita 28,000 a awa guda. Tazarar Kano zuwa Gumel, wadda a lokacin ke ƙarƙashin Lardin Kano, ba za ta ɗauke shi daƙiƙa 20 ba. Da yake babu taurarin sadarwa irin na yau, dole NASA ta jera tashoshi 18 a doron ƙasa da kan jiragen ruwa, kowace ta karɓi kumbon na 'yan mintuna ta miƙa wa ta gaba, kamar yadda zango ke miƙa ayari ga zango.

Biyu daga cikin tashoshin suna Afirka: ɗaya a Zanzibar, ɗaya a Kano. Aikin tashar Kano shi ne magana da ɗan sama jannati ta rediyo, da karɓar bayanan lafiyarsa da na kumbon a aika Amurka. Najeriya ta ɗauki abin da daraja, domin a 1963 ta fitar da kan sarki mai ɗauke da hoton kumbon Mercury da tashar ta Kano. A watan Agustan shekarar kuma Firaminista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi magana ta tarho da Shugaba John Kennedy ta tauraron Syncom 2, karo na farko da shugabanni biyu suka zanta kai tsaye ta tauraron ɗan'adam.

Awa 34 shi kaɗai

Cooper ne na ƙarshe da layi ya zo kansa a shirin Mercury, kuma saura ƙiris damar ta wuce shi. Gab da tafiyar ya bi ta saman ofisoshin NASA a Cape Canaveral da jirgin yaƙi, ƙasa-ƙasa, abin da ya fusata manyan jami'ai har suka yi tunanin musanya shi da Shepard. Wannan hali na rashin jin bari ya bi shi har ƙarshen aikinsa.

An harba shi ranar 15 ga Mayu, 1963 a kumbon da ya raɗa wa suna Faith 7, wato imani. Natsuwarsa ta kai ga barci ya ɗauke shi yana zaune a kan roka ana jiran lokacin tashi. Ya zama Ba'amurke na farko da ya wuce yini da kwana a sararin samaniya, na farko kuma da ya yi barci a can.

A kewaye na 19 matsala ta kunno kai. Wata fitila ta kama tana nuna kumbon ya fara saukowa alhali bai fara ba. Daga nan na'urorin da ke nuna masa inda kumbon ya fuskanta suka daina aiki, sannan a kewaye na 21 wutar da ke sarrafa tuƙi mai sarrafa kansa ta ɗauke. Zafi ya ƙaru, gurɓatacciyar iskar numfashi ta fara taruwa. Idan kumbon ya shigo iskar duniya a karkace zai ƙone, idan kuma aka yi kuskuren lokacin kunna rokokin birki zai faɗa nesa da masu ceto.

Cooper ya daidaita kumbon da hannu, yana gwada layukan da ke jikin tagarsa da gefen duniya, yana duba agogon hannunsa, yayin da John Glenn ke taya shi ƙirge ta rediyo daga wani jirgin ruwa kusa da Japan. Ya faɗo Tekun Fasifik bayan kewaye 22, kimanin kilomita 6 daga jirgin ruwan da ke jiransa. A zamanin da wasu injiniyoyi ke ganin ɗan sama jannati fasinja ne kawai, wannan sauka ta nuna cewa mutumin da ke ciki shi ne madogara ta ƙarshe.

Rigimar suna da haihuwar bajo

A shirin Mercury kowa ya raɗa wa kumbonsa suna, ana zana shi a jikin kumbon. Abin ya canza a shirin Gemini mai ɗaukar mutum biyu. Grissom, wanda kumbonsa na farko ya nutse a teku a 1961, ya sa wa Gemini 3 sunan Molly Brown, wata mata da ta tsira daga hatsarin jirgin ruwan Titanic. Barkwancin bai yi wa manyan NASA daɗi ba, suka hana raɗa suna gaba ɗaya. Ayarin Gemini 4 ya haƙura da manna tutar Amurka a kafaɗa.

Cooper, wanda aka ba jagorancin Gemini 5 tare da Pete Conrad, bai haƙura ba. A soja ya taso, inda kowace runduna ke da bajonta, don haka ya nemi a ba su nasu. Hoton da ya zaɓa shi ne amalanke mai rumfa, irin wadda Turawan da suka nausa yammacin Amurka a ƙarni na 19 suka yi ƙaura a cikinta. Duk wanda ya ga amalanken shanu na tafiya kasuwar Maigatari daga ƙauyukan Gagarawa ko Sule Tankarkar ya san ma'anar: tafiya ce ta haƙuri, da guzuri ƙididdigagge, ba ta gaggawa ba. A jikin rumfar an rubuta wani take da ke nufin ko a cika kwana takwas ko a tashi a tutar babu, sannan ga sunayen mutum biyun.

Webb ya amince da bajon, amma ya ƙi taken. Tsoronsa shi ne idan aka sauko kafin kwana takwas, duniya za ta ce an gaza. Sai aka rufe rubutun da wani ɗan ƙyalle. A takardar izinin, da sunan Cooper aka kira irin wannan bajo. Tarayyar Sobiyat ta riga su, domin Valentina Tereshkova ta tafi da surfanin kurciya a 1963, amma a ƙarƙashin rigar waje yake, ba a ganinsa. Na Cooper ne ya kafa al'adar bajo mai sunayen ayari.

Kwana takwas ɗin ba ado ba ne: shi ne tsawon tafiya Wata da dawowa, kuma likitoci suna son sanin ko jikin mutum zai jure. An harba Gemini 5 ranar 21 ga Agusta, 1965. Shi ne kumbo mai ɗauke da mutane na farko da ya dogara da na'urar da ke haɗa iskar haidirojin da oksijin ta samar da lantarki. Tun a ranar farko ƙarfin iskar tankin oksijin ɗin ya faɗi, har aka fara shirin sauko da su. Suka kashe yawancin na'urori, suka zauna cikin sanyi a wurin da bai fi gaban ƙaramar mota ba. Sun sauko ranar 29 ga Agusta bayan awa 190 da minti 55, saura kimanin awa guda kwana takwas su cika, sun kuma karya tarihin kusan kwana biyar da Valery Bykovsky na Sobiyat ya kafa. Cooper ya zama mutum na farko da ya kewaya duniya a tafiya biyu daban-daban. A watan Satumba, Shugaba Lyndon Johnson ya tura shi da Conrad ziyarar sada zumunci zuwa Girka da Turkiyya da Habasha da Madagaska da Kenya da Najeriya.

Yadda Wata ya kuɓuce masa

Bisa tsarin karɓa-karɓa na NASA, wanda ya zama kwamandan ko-ta-kwana na Apollo 10, kamar yadda Cooper ya zama a 1969, shi ake sa ran zai jagoranci Apollo 13 ya taka Wata. Amma Slayton, wanda ke rabon kujerun, yana ganin Cooper ba ya ba horo muhimmancin da ya kamata. Sha'awarsa ta tseren motoci da jiragen ruwa ta ƙara dagula lamarin, har NASA ta tilasta masa janyewa daga gasar awa 24 ta Daytona. Aka ba Shepard kujerar, wanda daga baya ya taka Wata da Apollo 14. Conrad ma, wanda ya yi masa mataimaki, ya taka shi da Apollo 12.

Cooper ya ajiye aiki a Yulin 1970 da muƙamin Kanar, cike da ɓacin rai. Ya yi harkokin kasuwanci, ya yi aiki da kamfanin Disney a sashen bincike, ya kuma shahara da iƙirarin cewa gwamnati na ɓoye bayanai kan baƙin abubuwan da ake gani suna shawagi a sama, iƙirarin da ya rage masa ƙima a idon wasu abokan aikinsa. Ya yi fama da cutar karkarwar jiki, ya rasu ranar 4 ga Oktoba, 2004 a Ventura da ke Kalifoniya yana da shekara 77.

Kasuwar bajo

Abin da ya fara da gardama ya zama haja. Bajojin Gemini da Apollo suna da masu tarawa, kuma darajarsu hawa-hawa ce. A sama akwai wanda ya je sararin samaniya ya dawo da takardar shaida, sai wanda aka ɗinka wa ayari da ma'aikata a zamanin tafiyar, sai kwafin tsaraba da ake bugawa har gobe. Kamfanin A-B Emblem na Jihar North Carolina ne ke yi wa NASA tun farkon shekarun 1970. Masana harkar suna juya bajo su duba bayansa, da irin zaren, da ɗinkin baki, kamar yadda dillalin huluna ke bambance aikin hannu da na inji.

Akwai abubuwa biyu da sabon shiga ya kamata ya sani. Na farko, bajojin da ake sayarwa da sunan tafiye-tafiyen Mercury, har da Faith 7, daga baya aka ƙirƙiro su, babu ɗan sama jannatin da ya saka su a tafiyarsa. Na biyu, bayan gobarar Apollo 1 ta Janairun 1967, wadda ta hallaka Grissom da Ed White da Roger Chaffee, an koma buga tambarin rigunan tafiya a kan wani yadi da wuta ba ta ci, maimakon surfanin zare. Yawancin kwafin Gemini 5 kuwa suna nuna taken a fili, saɓanin wanda aka tafi da shi a rufe.

An rufe tashar Kano bayan shirin Gemini, yayin da sabbin hanyoyin sadarwa suka maye gurbinta, kuma kaɗan ne daga mazauna birnin a yau suka san ta taɓa wanzuwa. Tafiyar Gemini 5 kuwa, wadda ta ratsa samaniyar Afirka a 1965, yaran da ba a haifi iyayensu ba a lokacin suna gane ta da zarar sun ga amalanke mai rumfa da sunaye biyu. Najeriya ta kafa hukumarta ta sararin samaniya a 1999, ta harba tauraronta na farko a 2003, amma labarin rawar da Kano ta taka tun kafin nan ya fi yawa a kundin Amurka da jikin kan sarkin 1963 fiye da littattafan makarantun ƙasar.