Adamu Halilu: Mai fim ɗin da ya ɓace a Legas, ya ɓulla a Berlin

A watan Fabrairun 2018, a bikin baje kolin finafinai na birnin Berlin da ke Jamus, 'yan kallo sun zauna fiye da sa'o'i biyu suna kallon wani fim da Hausa zalla ake yi a cikinsa. Fim ɗin shi ne Shaihu Umar, wanda aka kammala a 1976. Wanda ya ba da umarninsa, Adamu Halilu, bai ga wannan rana ba, domin a lokacin ya shekara 17 da rasuwa.

An haifi Halilu a 1936 a Garkiɗa, cikin Jihar Adamawa ta yau. Ya koyi rubuta labarin fim da tace hoto a Landan da Roma, sannan ya dawo ya kama aikin gwamnati a zamanin majigi, lokacin da mota kan shiga ƙauye da daddare, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, a nuna wa jama'a yadda ake noman auduga ko kula da lafiyar yara. Da irin waɗannan finafinai na wayar da kai hannunsa ya faɗa, cikinsu har da Mama Learns a Lesson na 1963.

Babban aikinsa ya zo ne yayin da Najeriya ke shirin karɓar bikin FESTAC na 1977. Gwamnatin Tarayya ta ɗauki nauyin mayar da littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa fim, littafin da ya rubuta tun yana malamin makaranta, aka buga a 1934. Umaru Ladan, wanda shi da Dexter Lyndersay suka riga suka mayar da labarin wasan daɓe, shi ya fito a matsayin Shaihun. Labarin ba na biki ba ne. Yaro ne aka raba da mahaifiyarsa, aka ƙetara da shi Sahara, ya girma a hannun wani Balarabe har ya zama malami. Ita kuwa uwar ta bi sawunsa, ta faɗa hannun masu cinikin bayi, ba su sadu ba sai dab da ajalinta. Halilu bai yi gaggawa da labarin ba. Ya bar ayarin raƙuma ya yi tafiyarsa, ya bar almajirai su zauna su saurara, kamar yadda ake sauraron malami a zaure. Ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne a ce ƙasa ta gabatar wa baƙinta labarin bauta a matsayin abin da take tinƙaho da shi.

Daga baya ya yi Kanta of Kebbi a 1978, kuma shi ne ya fara riƙe ragamar Hukumar Finafinai ta Najeriya da aka kafa a 1979. Ya rasu a 2001, a daidai lokacin da finafinan bidiyo na Kano suka mamaye kasuwa, matasan da ke yin su kuma akasarinsu ba su taɓa ganin Shaihu Umar ba.

Ba su da inda za su gan shi. Shekara da shekaru ana ɗaukar fim ɗin ya ɓace, alhali yana nan cikin gwangwanaye a ɗakin ajiyar hukumar da shi kansa ya shugabanta. Sai a 2016 aka gano faifan, bisa ƙoƙarin Didi Cheeka na ƙungiyar masu sha'awar fim ta Legas. Cibiyar Arsenal ta Berlin ce ta gyara su, da tallafin ofishin jakadancin Jamus a Abuja. Ƙasar Istoniya, wadda mutanenta ba su kai miliyan ɗaya da rabi ba, tun 1997 take gudanar da nata bikin finafinai a Tallinn, tana kuma tura nata zuwa ƙasashen waje. Hausa tana da masu magana da ita miliyoyi barkatai, amma fim ɗin da ke cikin na farko-farko da aka yi da ita sai da ya je Berlin kafin 'yan gida da dama su san yana raye.