Aldus Manutius: Malamin da Ya Shigar da Rubutun Tsutsa Cikin Ɗab'i

Duk ɗalibin harshe da ya taɓa rubuta jinga ko kundin kammala digiri ya san rubutun tsutsa, wato haruffan nan masu ɗan karkata dama da ake rubuta sunan littafi da su, ko kalmar da aka kawo misali. Mutumin da ya fara buga littafi da irin waɗannan haruffa shi ne Aldus Manutius, wani malami ɗan ƙasar Italiya.

An haifi Aldus wajen shekarar 1450 a Bassiano, wani ɗan ƙaramin gari kudu da birnin Rum. Ya karanci Latinanci a Rum, sannan ya wuce Ferrara ya koyi Girkanci a hannun Battista Guarino. Bayan haka ya zama malamin 'ya'yan sarautar Carpi, wato Alberto Pio da ƙanensa Lionello. Sai da ya kusa shekara 40 da haihuwa, kana ya koma birnin Benis ya shiga sana'ar ɗab'i tare da Andrea Torresani, wanda daga baya Aldus ya auri 'yarsa Maria a 1505.

Abin da ya kai shi ga sana'ar shi ne ƙarancin ingantattun littattafan Girkanci. Daga 1495 zuwa 1498 ya fitar da ayyukan Aristotle cikin juzu'i 5. Amma Aldus ba maƙeri ba ne. A lokacin, kowane harafi sai an sassaƙa shi a bakin ɗan sandan ƙarfe, a buga shi cikin tagulla ya bar gurbi, a zuba narkakkiyar dalma a gurbin. Mai yi masa wannan aiki shi ne Francesco Griffo, mutumin Bolonya, kuma hannunsa ne ya sassaƙa rubutun tsutsar farko.

An ga kalmomi kaɗan da sababbin haruffan cikin wani zane a 1500. A 1501 kuwa aka buga waƙoƙin Virgil da su tun daga farko har ƙarshe. Griffo ya kwaikwayi rubutun hannun malamai da magatakardan Italiya na zamanin ne. Haruffan sirara ne, matsattsu, da 'yan ƙafafu a bakin kowane layi kamar inda alƙalami ya sauka ya tashi. Domin shafi ya yi kama da aikin alƙalami, ya sassaƙa haruffa masu yawa biyu-biyu a manne, abin da ya ƙara wa masu jera haruffa wahala. Wani abin lura kuma, ƙananan baƙaƙe kaɗai suka karkata. Manyan suna nan a miƙe, har ma sun ɗan fi harafi irin su b da l gajarta.

Littafin kansa ƙarami ne, mai shiga aljihun riga, kuma babu dogon sharhin da aka saba cika gefen shafi da shi. Mai karatu zai iya ɗaukarsa ya yi tafiya, ba sai ya zauna gaban tebur ba. Petrarch ya biyo baya a 1501, Dante a 1502. Ke nan ba don jaddada kalma ɗaya aka ƙirƙiri rubutun tsutsa ba, don littafi sukutum aka yi shi.

Kasuwa ta karɓa, ɓarayin fasaha ma suka karɓa. Aldus ya samo takardar hukumar Benis da ta Fafaroma wadda ta hana kowa amfani da haruffan, amma maɗaba'un Liyon a Faransa ba su kula ba. A 1503 ya buga takardar gargaɗi yana lissafa kurakuran jabun, su kuwa suka karanta suka gyara bugunsu na gaba. Takardar hanin ta fi cutar da Griffo, domin ta hana shi sayar da aikin hannunsa ga wani. Ya bar Aldus ya koma wajen Gershom Soncino a Fano, wanda ya fito fili a 1503 ya ce Griffo ne mai haruffan. A ganina da gaskiyar Soncino, ko da yake shi ma abokin gasa ne. Labarin Griffo ya yanke a 1518, bayan an tuhume shi da kashe mijin 'yarsa.

Aldus ya ci gaba da aiki duk da yaƙe-yaƙen da suka sa ya rufe maɗaba'ar fiye da sau ɗaya. Erasmus ya zauna a gidansa a 1508. Ya rasu ranar 6 ga Fabrairu, 1515.

Bayan rasuwarsa aka karkatar da manyan baƙaƙen su ma, kuma a hankali maɗaba'u, musamman na Faransa, suka riƙa haɗa rubutun tsutsa da miƙaƙƙen rubutu a shafi ɗaya, har ya koma aikin da muka san shi da shi. A 1929 kamfanin Monotype ya fitar da salon haruffan Bembo, wanda aka gina bisa miƙaƙƙun haruffan da Griffo ya sassaƙa wa Aldus a 1496, sai dai na tsutsarsa daga rubutun Giovanni Antonio Tagliente aka ɗauko.