Nikolai Basov: Masanin da ya mayar da haske wuƙa

An haifi Nikolai Basov ne ranar 14 ga watan Disamban 1922 a Usman, wani ƙaramin gari a ƙasar Rasha wanda ya ci sunan kogin da ke gefensa. Ya kammala sakandare a 1941, shekarar da Jamus ta afka wa Tarayyar Sobiyet, don haka aka ɗauke shi soja, ya yi aikin mataimakin likita.

Bayan yaƙi ya koma karatun kimiyyar fiziya a Mosko, ya kuma kama aiki a Cibiyar Lebedev tare da Aleksandr Prokhorov. Binciken da suka yi kan yadda ake ƙarfafa haske ya sa suka raba kyautar Nobel ta 1964 da Charles Townes na Amurka.

Sai dai za a iya cewa abin da ya yi bayan kyautar ya fi shiga rayuwar jama'a.

A 1970 shi da abokan aikinsa suka samar da na'urar leza ta farko mai suna eksima. Wasu masanan suka inganta ta, har ta zama mai harba haske a guntu-guntu, kowane harbi bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ba.

Gajartar lokacin nan ita ce sirrin. Idan harbin ya sauka kan silikon, sinadarin da ake ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta da shi, fatar saman ce kawai ke shanye ƙarfinsa. Silikon ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 1,414, amma nan take wurin ya narke, ya tafasa, ya tashi tamkar hayaƙi, tun kafin zafin ya bazu. Abin da ke kewaye kuwa da ƙyar yake jin ɗumi.

Haka ake fiƙe abu kaɗan-kaɗan ba tare da an ƙona shi ba. Da irin wannan na'urar ne likitoci ke gyara tantanin ido, aikin da ya dace da tsohon ma'aikacin jinya.

Basov ya kuma daɗe yana neman hanyar samar da makamashin nukiliya ta amfani da leza, burin da bai ga cikarsa ba. Ya rasu a Mosko ranar 1 ga watan Yulin 2001, yana da shekaru 78.